Kafin ki sayi zoben dutse: tsohon gwal, sabon gwal, ko azurfa?

Mace idan za ta sayi zobe ko ɗan kunne mai dutse, abin da take fara dubawa shi ne ƙyalli, sai karat, sai farashi. Ba kowa ke tambayar inda aka haƙo zinaren ba. To amma wanda ya tuna 2010 a Zamfara, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara kusan 400, ya san tambayar ba ta banza ba ce. Ga kuma zaiba da masu haƙar hannu ke ware zinare da ita, su ƙona ta, hayaƙin ya shiga huhu, ragowar ta gangara rafi. Saboda ita ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013, don rage amfani da zaiba.

A ganina, tsohon gwal ya fi komai. Zinare ba ya lalacewa. Ko sau goma aka narkar da shi, zinare ne. Awarwaron da ya karye, ɗan kunnen da ɗan'uwansa ya ɓace, sarƙar lefen da aka daina yayi, duk maƙeri zai narkar ya ƙera miki sabo, kuɗin aiki kawai za ki biya, ba a ƙara haƙa rami ko ɗaya ba. Sai dai a auna a gabanki kafin ya shiga wuta, a sake aunawa bayan an gama, a kuma daidaita tun farko kan ɗan abin da zai ragu.

Idan sabo za ki saya, duba hatimin da ke jikinsa: 750 karat 18 ke nan, 875 karat 21, 916 kuma karat 22. Mu mun fi son 21 da 22 saboda launi da darajar sayarwa, amma ga riƙe dutse 18 ya fi, don ya fi tauri, ƙafafun da ke riƙe dutsen ba sa saurin buɗewa. Akwai zinare mai shaidar Fairmined ko Fairtrade daga ƙananan mahaƙan da aka tantance, yawanci a Kudancin Amurka, amma ya fi tsada kuma da wuya a same shi a kasuwanninmu.

Azurfa ta maza ce, tunda shari'a ta hana su zinare, ta kuma mai ƙaramin ƙarfi. A nemi hatimin 925, wato kashi 925 cikin dubu azurfa ce tsantsa. Aikin maƙeran Agadez da hannu ya isa misali. Takan yi baƙi, a goge ta dawo.

Sai dutsen, inda aka fi cutar mai saye. Nijeriya kanta tana da duwatsu masu daraja: shuɗin yakutu daga tsaunin Mambila a Taraba, tomalin daga Oyo, akwamarin daga Nasarawa. Dutsen gida yana da daɗin tambaya, don ana iya bin sawunsa har ramin da ya fito. Ga zoben da za a riƙa sawa kullum, ana wanke-wanke da shi, taurin dutse ne abin dubawa. A ma'aunin tauri na Mohs daimon na da 10, yakutu 9, tomalin 7 zuwa 7.5. Zumurrudu kuwa, duk da kyansa, yawanci cike yake da tsaga, ana ɗura masa mai don ɓoye su. Ruwan zafi da sabulu mai ƙarfi na ɓata shi. Ya fi dacewa da abin wuya ko ɗan kunne na fita biki.

Dutsen da ake haɗawa a masana'anta ba jabu ba ne, wannan ya kamata a gane. Daimon ɗin masana'anta sinadarinsa ɗaya da na ƙasa, taurinsu ɗaya, farashinsa kuma ƙasa ƙwarai. Aibinsa biyu: yana cin wutar lantarki mai yawa wajen haɗawa, sannan ranar sayarwa kusan ba a tayawa. Na ƙasa kuma, takardar tsarin Kimberley na 2003 tana nuna ba daimon ɗin yaƙin 'yan tawaye ba ne kawai. Ba ta cewa komai kan albashin mahaƙi ko ramin da aka bari a buɗe. Jabu na gaskiya shi ne gilashi mai launi, kuma sau da yawa ƙananan kumfa a cikinsa ke tona asirinsa idan aka duba da gilashin ƙara girma.

Abu ɗaya da 'yan kasuwa ba sa son faɗa: ranar da buƙata ta taso kika kai zoben, cire dutsen za a yi a auna zinaren tsura. Don haka idan ajiya kike nufi, kar ki yarda a auna miki dutse a kuɗin gwal. A rubuta a rasit nauyin zinaren daban, karat ɗinsa, sunan dutsen, na ƙasa ne ko na masana'anta, da ko an gasa shi don gyara launi, domin yawancin yakutun kasuwa gasasshe ne. Mai shagon da ya ƙi rubutawa, ki ɗauki jakarki ki leƙa na gaba.