Mazubin katin tuni na kan tebur: wanne za ka saya, wanne za ka bari a kanti

Duk aikin da ya shigo shagona sai na buɗe masa kati. Shagon buga takardu ne da fotokofi a Kano, kuma kafin azahar za ka ga an kawo katin ɗaurin aure, takardar neman aiki, ga ɗalibi da kundin bincikensa na kammala karatu. Sunan mai aiki, abin da ya kawo, kafin alƙalamin da ya bayar, ranar da zai dawo, duk a kati ɗaya nake rubutawa. Waya tana da ranarta, amma idan caji ya ƙare ko yaron shago ne kaɗai yake nan, katin da ke tsaye a gaban ido shi ke fitar da mutum kunya. Abin da ya daɗe yana ba ni wahala shi ne inda katunan za su zauna, fanka ba ta kwashe su ba, ƙura ba ta binne su ba, na jiya bai ɓoye na yau ba. Na gwada mazubi iri-iri, wasu da kuɗina suka tafi, shi ya sa na ga ya dace in faɗa wa mai shirin saye abin da na gani.

Kafin ka taka kasuwa, tsayar da girman katinka. Mutane da yawa mazubin suke fara saye, sai sun dawo gida su tarar katin ba ya shiga, ko ya nutse ciki ba a ganin kansa. Katin da ake shigowa da shi mai inci 3 da inci 5, wato milimita 76 da 127, yana da kyau amma ba kullum ake samunsa ba. Ni A6 nake amfani da shi, milimita 105 da 148, saboda dalili mai sauƙi: takardar A4 idan ka yanka ta gida huɗu, A6 huɗu za ta ba ka cif, ba ragowa. Ka yanka gida takwas ka samu A7, milimita 74 da 105, wanda ya isa ɗan gajeren tuni. Wani masanin zamantakewa ɗan Jamus, Niklas Luhmann, da ya rasu a 1998 ya bar ƙananan takardun rubutu kusan 90,000 a akwatunan katako, kuma girmansu ke nan, A6. Sai dai ka lura da kauri. Takardar fotokofi mai giram 80 ba ta tsayuwa, lanƙwashewa take yi ta rufe fuskarta. Nemi kwali mai giram 160 zuwa 200, a yanka maka da injin yanka a wurin masu ɗab'i.

Tsinken ƙarfen nan da ake soke rasit a kai, na rasit ne da aka gama da shi. Katin da za ka sake dubawa ba ya son huji, kuma na ƙasa ba ya fitowa sai ka zare na sama gaba ɗaya. Mazubin raga na ƙarfe mai baƙin fenti ba shi da nauyi, ƙura tana shiga ta ko'ina, damina ɗaya tsatsa ta fara ɓata gindin katin. Takardar tuni mai gam a baya, irin Post-it da kamfanin 3M ya baza a kasuwannin Amurka a 1980, tana da amfani a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, amma a shagon da ƙofarsa ke buɗe lokacin hunturu ƙura tana cin gam ɗin, ka wayi gari ka tsince ta a ƙarƙashin tebur. Allon bango da ake soka wa allura ba na tebur ba ne. Na roba mai kama da gilashi shi kaɗai ne zan ɗan saurara wa, domin ana hango rubutu ta jikinsa, amma yana karcewa, yana janyo ƙura in an goge shi da busasshen tsumma, kuma faɗuwa ɗaya daga kan tebur zuwa siminti ta ishe shi.

Wanda na tsaya a kansa, kuma ban ga na biyunsa ba, shi ne na katako na gaskiya da kafinta zai yi maka a kan awon katinka. Ba akwati nake nufi ba. Akwati mai murfi wurin ajiyar abin da aka gama ne, kati in ya shiga ciki an manta da shi. Abin da nake nufi gungumen katako ne guda, a sassaƙa shi hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da tsagarsa da katin zai tsaya a ciki. Na baya ya fi na gabansa tsayi da kamar santimita ɗaya da rabi, don haka kan kowane kati yana leƙowa, kana zaune kana karanta sunaye ba tare da ka taɓa komai ba. Nawa yana da tsaga takwas: bakwai na ranakun mako, daga Asabar zuwa Juma'a, ta takwas a can baya ta aikin da ke jiran wani abu, ko mai shi bai cika kuɗi ba ko bai kawo hoto ba. Da safe katunan da ke tsagar ranar nake fara dubawa. Wanda ba a gama ba da yamma ya koma ta gobe. Yaron shago ya gane tsarin a yini ɗaya, domin ba abin ganewa a ciki, ido ne kawai.

Ga awon da za ka ba kafinta idan A6 za ka kwantar a faɗinsa. Faɗin gungumen ya kai santimita 16, don katin mai 14.8 ya samu sarari hagu da dama. Zurfin tsaga santimita 2 zuwa 3. In ya gaza haka iska za ta tuge katin, in ya wuce ya cinye rubutun ƙasa. Kaurin tsaga shi ne inda aka fi kuskure. Bakin zarton inji sau ɗaya yana barin kamar milimita 3, wannan kati biyar ko shida kawai zai ɗauka cikin sauƙi. Ka ce ya bi sau uku ko huɗu ta kai milimita 8 zuwa 10. Kuma kada tsagar ta miƙe sak. A ɗan kwantar da ita baya kaɗan, yadda mutum ke jingina a kujera, don katin ya fuskanci idonka ba ƙirjinka ba. Kafinta zai so ya yi ta a miƙe saboda ta fi sauƙi, ka tsaya a kan bakanka. Gindin kuwa kada ya gaza inci ɗaya a wurin da ya fi siranta, nauyin nan shi ke hana shi tafiya idan gwiwar hannu ta buge shi. A ƙasa ka sa a manna 'yan guntayen tsohon tib na babur a kusurwa huɗu. Ni na ƙara rami biyu a gefe na biro da fensir, da wani ɗan kwarmi a gaba na kilif. Kada ka wuce haka. Da zarar an fara cewa a sa wurin waya, wurin makulli, wurin caja, ya tashi daga mazubin kati ya koma kwandon tarkace.

Batun irin itace, madaci na fi so. Ja ne, yana da nauyi, yana karɓar sanfefa ya yi sumul, kuma tsagarsa ba ta ɓarɓashi a baki. Iroko ma yana da kyau, gara ba ta cika damunsa ba. Malaina ta fi araha kuma in ta bushe sosai ba ta murɗewa, sai dai ba ta da nauyi, a ƙara mata kauri. Kirya, wadda ake turmi da taɓarya da ita, za ta yi shekaru ba ta gaji ba, amma taurinta na dakushe zarto, ba kowane kafinta zai yarda ba. Abin daɗin shi ne aikin bai kai a sayi falanki ba. Guntun da ya rage daga aikin ƙofa ko gado ya isa, kuma irin guntayen nan da suka daɗe a jibge a lungun shagon kafinta su ne suka fi bushewa. In kana Kano ka leƙa 'Yan Katako ta Na'ibawa, in Kaduna kake masu aikin hannu na Panteka sun saba da irin wannan ƙaramar buƙata.

To, yanzu ga inda aka cuce ni, kuma nan nake so ka buɗe kunne. Kafin in kai ga kafinta na taɓa sayen wani a kanti, an ce mini katako ne ɗan waje. Launinsa kamar madaci, ga sheƙi, ga layin itace a jiki. Na biya kuɗin katako. Cikin watan Agusta ledar ruwa ta fashe a kan tebur da dare, ruwan ya kwanta a ƙarƙashinsa har safe. Da na zo, gindin ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, tsagogin sun matse, katunan sun sha ruwa sun manne da juna, tawada ta narke. A cikinsu akwai na wani dattijo da ya kawo katin auren 'yarsa. Ranar da zai karɓa ta goge, na ɗauka mako mai zuwa ne, ashe jibi ne. Ya zo da 'ya'yansa biyu ya tarar ban ko fara ba. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Malam, ai da ka faɗa mini ba za ka iya ba." Har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina. Da na fasa abin don in ga cikinsa, garin katako ne da aka matse da gam, wanda ake kira MDF, aka lulluɓe da leda mai zanen itace.

Gane shi ba wuya in ka san inda za ka duba. Kifa shi ka kalli ƙasa da baki-baki. Itace na gaskiya a inda aka yanke shi a gicciye za ka ga ƙananan ƙofofi da zobba, kuma layin da ke sama yana gangarowa ya haɗu da na gefe. Na bogi layinsa a gefe yake yankewa, ka ga wani siririn tef an manna a baki. Leƙa cikin tsagar da fitilar waya: in ka ga launin ƙasa-ƙasa bai ɗaya, mai laushi kamar kwali, ba layi ko ɗaya, ajiye shi. In akwai guda biyu a kantin ka jera su. Itace biyu ba sa taɓa zuwa da zane iri ɗaya sak, bugun inji ne ke haka. Kada nauyi ya ruɗe ka, MDF yana da nauyi, har ya fi wasu itatuwan. Mai kanti zai iya rantse maka, wataƙila ma shi kansa bai sani ba, haka aka sayar masa.

Wurin kafinta ma ba a rufe ido. Ha'inci na farko shi ne farin katako mai taushi irin obeche a shafa masa jan launi a ce madaci ne. Danna farcenka a ƙasa: in ya lotsa cikin sauƙi ba madaci ba ne, kuma in ka ɗan kankare za ka ga fari a ƙarƙashin jan. Mafita ita ce ka zaɓi guntun da hannunka tun ba a shafa masa komai ba, ka sa masa alama da biro a gindi. Na biyu ɗanyen katako. Wannan ma ya same ni a gwajin farko: an yi shi cikin damina da itacen da bai bushe ba, hunturu na kamawa ya tsage tun daga tsagar Talata har gaba. Ɗanyen katako yana da sanyi a tafin hannu, ya fi ƙarfin girmansa nauyi, garinsa a bakin zarto yana dunƙulewa maimakon ya tashi. Na uku abin shafawa. Wasu sun saba shafa baƙin mai a katakon rufi don gara, kada ka bari ya kusanci abin da takarda za ta zauna a ciki, zai bi katin ya yi masa tabo ga wari. Folish ma a shafa a waje kawai, cikin tsaga a bar shi da sanfefa, sannan ka bar shi ya sha iska kwana uku ko huɗu kafin ka sa kati. Ka kuma duba ƙananan huji kamar na allura da gari a bakinsu. Ƙwaro ne a ciki, kuma zai iya komawa teburinka.

Masu tallar Facebook da Instagram kuwa, cinikin biri a sama ne sai ka yi da gaske. Hoton da suke sawa sau da yawa ba na kayan da ke hannunsu ba ne, kuma hoto ba ya nuna girma. An sha aiko wa mutane na katin kasuwanci, wanda bai wuce girman katin ATM ba, milimita 85 da 54, alhali na A6 suke jira. Ka ce a ɗauko maka bidiyo da rula a jiki, a kifa shi ka ga ƙasa, a sa kati a ciki ka ga tsayuwarsa. Wanda ya ce "ai duk ɗaya ne" ka rabu da shi. In na roba mai kama da gilashi ka nace sai ka saya, ka ƙwanƙwasa shi da farce: mai kyau ƙararsa a dushe take, na banza yana ƙara kamar gwangwani, kuma shi ne ke yin rawaya ya tsattsage a kusurwa. Kada ka tura kuɗi duka sai kaya sun iso hannunka.

Abu ɗaya da ya shafi kowane iri: rasit ɗin POS kada ka dogara da shi a mazubi. Takardarsa da zafi ake rubuta ta, rana da zafin shago suna goge ta, wata biyu ka ga fara fat. Kwafi lambar da adadin kuɗin a katinka da biro tun ranar, ka maƙala rasit ɗin a baya da kilif. Ranar da za ka je wurin kafinta kuwa ka tafi da katunanka guda goma a aljihu, ya gwada su a tsagar farko a gabanka kafin ya yanka sauran bakwai.