Gwajin barci a asibiti ko a gida: wanne ya fi araha?

Ɗan'uwa, ka rubuto daga Jizan ta Saudiyya cewa likita yana zargin numfashinka na ɗaukewa cikin barci, ganin yawan minsharinka da gyangyaɗi a kan sitiyari, ya ba ka zaɓi tsakanin kwana a asibiti da tafiya gida da na'ura, kana tambayar wanda ya fi sauƙin kuɗi.

A asibiti ana liƙa wa mutum wayoyi a ka da gefen ido da haɓa da ƙirji, ma'aikaci yana lura da shi har wayewar gari, saboda haka kuɗin ya haɗa da gado da ladan mai kwana a kansa. In kuma sai ka je Jidda ko Riyad, ka ƙara da kuɗin mota da ranar aikin da za ka rasa. Kayan gida kuwa uku ne: siririn bututu a hanci, ɗamara a ƙirji, da ɗan maƙale a yatsa mai auna oksijin, likita ya karanta sakamakon daga nesa. Ya fi araha ƙwarai.

Sai dai arahar tana da sharaɗi. Yawancin na'urorin gida ba sa auna aikin ƙwaƙwalwa, ba sa bambance barci da kwanciya ido biyu, shi ya sa sukan rage lissafi, har wanda numfashinsa ke tsayawa sau 15 a awa ya fito da adadi ƙasa da haka. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar a 2017 ta ce in gwajin gida bai nuna cuta ba alhali alamu suna nan, a sake shi a asibiti, ka ga an biya sau biyu ke nan. Mai ciwon zuciya ko huhu mai tsanani, da wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, asibiti ne nasu tun farko. In ba ka cikinsu, fara da na gida.

A ganina, inda lura daga nesa ya fi fanshe kuɗinsa shi ne bayan gwaji. Na'urar CPAP ta zamani, wato injin da ake ba mai wannan cuta ya riƙa hura masa iska ta hanci don kada numfashinsa ya ɗauke cikin barci, tana aika wa likita awannin da ka yi da ita da yoyon iska ta gefen abin rufe hanci, ya gyara ƙarfin iskar ba ka taka ko'ina ba. Wannan ne ke hana na'urar dubban riyal ƙarewa a cikin kwali, kamar yadda takan faru idan ta takura wa mutum a makonnin farko.

Kafin ka biya ko riyal ɗaya, ka tambayi kamfanin inshorar wurin aikinka wanne gwajin yake ɗauka, ka kuma karɓi amincewarsa a rubuce.