Laftof ko ta tebur? Kwamfutar da ta dace da ɗan fores a Bauchi

Hotunan da ake yawo da su a Facebook na wani saurayi zaune gaban allo shida sun sa matasanmu suna zaton sai da irin wannan ɗaki ake cinikin fores (saye da sayar da kuɗaɗen ƙasashe ta intanet) ko kirifto. Manhajar cinikin, MetaTrader 4, tun 2005 take, MetaTrader 5 kuma 2010, duk ba su da nauyin a zo a gani. Wanda ke cin kwamfuta shi ne TradingView, shafin kallon jadawalin farashi, in ka buɗe shafi goma a Chrome, ga Telegram, ga YouTube. Saboda haka a Bauchi abin da zai yanke maka shawara wuta ce da sabis, ƙarfin inji yana zuwa daga baya. JED, kamfanin lantarki na Jos, ita ce ke raba mana wuta tare da Gombe da Filato da Binuwai, kowa kuma ya san ba a yi alkawari da kai za ta kai ƙarfe biyu na rana ba, daidai lokacin da kasuwannin Landan da New York suke buɗe tare, farashi yana gudu.

Kwamfutar tebur ta 'yan gem, mai fitilu da fankoki, kyale ta. Katin hotonta ba ya ƙara maka komai a jadawalin farashi, sai shan wuta. MacBook kuwa tsada, ga shi MetaTrader don Windows aka gina ta tun asali, kuma ranar da ta lalace za ka sha yawo kafin ka samu mai gyara. Waya tana da amfani guda: rufe ciniki cikin gaggawa. Ƙaramar kwamfutar tebur irin Dell OptiPlex Micro ba laifi, ba ta cin wuta sosai, amma ba ta da batir, ana ɗauke wuta ta mutu, sai in kana da sola da inbata tsayayyu. UPS, batirin ko-ta-kwana da ake sayarwa a shago, 'yan mintuna yake ba ka.

Ni dai zaɓina laftof ce ta ofis, ta hannu, musamman Lenovo ThinkPad T480 da ta fito a 2018. Batir biyu gare ta, ɗaya a ciki ɗaya a waje, kana iya zare na wajen ka sa wani ba tare da ta mutu ba, kuma babban cikinsu yana kai 72Wh. Wanda bai taɓa zama da buɗaɗɗen ciniki ana ɗauke wuta ba, ba zai gane darajar wannan ba. Ramin RAM ɗinta biyu ne, duk ana cirewa, don haka ka fara da 8GB in aljihu ya yi ƙasa, daga baya ka kai 16GB, wanda shi ne daidai. Wadda ta biyo bayanta, T490, an liƙe RAM ɗaya a jikin allon inji, batirin waje kuma babu. Ana cajin T480 ta USB-C da caja mai wat 65, ke nan fawa-bank mai ƙarfi yana iya tashin ta. Tana da ramin HDMI, tana da na wayar intanet, murfin ƙasanta kuma da sukundireba kawai ake buɗewa a kakkaɓe ƙurar hunturu daga fanka. Wannan kakkaɓar ba wasa ba ce, domin in Maris da Afrilu suka zo zafi ya doshi digiri 40, injin da ƙura ta toshe yakan rage gudu da kansa don kar ya ƙone. Dell Latitude 7490 da HP EliteBook 840 G5 tsararrakinta ne, za su yi aikin, batirinsu dai ɗaya ne a ciki.

Ka haɗa mata allo ɗaya mai inci 24, ya isa. Jadawali a babban allo, wurin ba da oda a na laftof ɗin. In wuta ta tafi babban ya mutu, cinikinka yana nan a gabanka.

Sai batun masu sayarwa, a nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Yawancin kayan daga Computer Village na Ikeja ko Kano suke shigowa, sun bi hannu da yawa kafin su iso ka. Sitika ba hujja ba ce. Ana manna "Core i7" a kan tsohon inji, mai saye ya ji bakwai ta fi biyar ya biya. Alhali i7-2620M ta 2011 ce, i5-8250U ta bar ta nesa. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce zubin injin (daga zubi na goma lambobi biyun farko ne), kada ka karɓi ƙasa da 8. Dalili: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas ta fara, tare da TPM 2.0, wata 'yar na'urar tsaro a cikin injin. Ita kanta T480 akwai waɗanda suka fito da zubi na bakwai, don haka ka buɗe Task Manager a gaban mai shago ka karanta da idonka. A nan za ka ga ko SSD, ma'ajiyar zamani mai sauri, ce a ciki ko tsohon faifai mai juyawa, wanda bai kamata ka waiwaye shi ba.

Batir ne abin da na fi tsananta wa. An taɓa sayar min da laftof da rantsuwar awa shida take yi, ashe batirin cikin an zare shi, na wajen kuma jabu ne, yana kan kashi 40 sai ta ɗauke ɗif. Yanzu kafin a yi maganar kuɗi nake buɗe Command Prompt in rubuta powercfg /batteryreport. Takardar da za ta fito tana nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa, kuma a T480 dole ka ga batir biyu. Mai shagon da ya ce "Alhaji, ai ba sai an yi wannan ba," ka yi masa sallama. Cire cajar, kunna bidiyo, ka zauna minti talatin kana kallon yadda kason ke sauka. Ɗaga cajar ma ka ji nauyinta, jabu ba ta da nauyi, tana zafi kamar dutsen guga, wani lokaci har ta sa linzamin laftof ya riƙa rawa shi kaɗai. Shiga BIOS, saitin injin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ka tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba, don irin waɗannan sau da yawa kayan kamfani ne da ba a sallama ba. Ka kuma sa a rubuta lambar injin a rasit da kwanakin garanti.

Kada ka yarda a ɗora maka Windows ko MetaTrader daga filashin shago. Sauke ta daga shafin dillalinka ko na MetaQuotes, kamfanin da ya yi MetaTrader, tunda wannan injin ne zai riƙe kalmar sirrin kuɗinka. Masu tallan "robot" mai ninka jari ma layinsu ɗaya da masu sitika. Mun ga yadda MMM ta tafi da kuɗin mutane a 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025. Batun halacci da asusun da ba a ɗora masa ruwan kwana kuwa, na malamai ne, ka je ka tambaye su kafin ka zuba ko sisi.

Sabis layi biyu ake riƙewa na kamfani daban, misali MTN a rauta, Airtel a waya, ka gwada su a cikin ɗakin da za ka zauna, domin abin da ke ja a Yelwa ba lallai ya ja a Fadaman Mada ba. Ka saya wa rautar ƙaramin batirinta na DC. Starlink ta shigo Najeriya a 2023, tana da sauri, amma kuɗin wata da wutar da take sha sun fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Rahoton ayyukan yi na Amurka, wanda ke girgiza dala da zinare, yawanci Juma'ar farkon wata yake fita, ƙarfe 1:30 ko 2:30 na rana agogonmu, lokacin kana masallaci ko kana hanyar dawowa. Ka sa iyakar asara, odar da ke rufe ciniki da kanta, kafin ka fita, ita a wurin dillali take zaune, tana aiki ko laftof ɗinka a kashe take.