Kafin ka zuba kuɗi a makarantar koyon tuƙin jirgin sama

Kuɗin farko da ya kamata mai son zama matuƙin jirgin fasinja ya kashe na likita ne. Gwajin lafiya na aji na ɗaya, wanda ake kira Class 1, yana duba ido da kunne da zuciya da hawan jini. Likita zai buɗe maka littafi mai ɗige-ɗigen launi, ya ce ka karanta lambar da ke ɓoye a ciki. Idan ja da kore suna rikice maka, gara ka sani tun kafin iyaye su sayar da kadara.

Daga nan hanya ta rabu uku.

Ta farko, ka shiga makaranta ɗaya ka yi karatun a jere, wata 18 zuwa 24, ka fito da lasisin CPL, wato na tuƙin da ake biyan mutum albashi, da awoyin tashi kusan 200. Tana da sauri, amma a Ingila takan ci wajen fam 100,000, kuma ba ka da damar yin wani aiki a gefe. Kada ka yarda ka biya duka a dunƙule komai rangwamen da aka yi maka, domin makarantu suna durƙushewa da kuɗin ɗalibai a ciki.

Ta biyu, ka bi mataki-mataki: lasisin PPL, wato na tuƙi don kanka ba don albashi ba, da aƙalla awa 40, ka tara awoyi, ka ci jarrabawa, sannan CPL, da shaidar tuƙi da na'urori cikin gajimare, da ta jirgi mai inji biyu. Ta fi araha, kana biya gwargwadon aljihunka. Matsalarta, idan ka yi wata huɗu ba ka tashi ba hannu yakan yi sanyi, sai ka sake biyan awoyin da ka riga ka yi.

Ta uku ita ce ta kadet, wato shirin horon da ke ƙarƙashin kamfanin jiragen sama, kuma a nan aka fi ruɗar mutane. Akwai kamfanin da ke biya da gaske, kamar British Airways da ya buɗe shirin Speedbird a 2023, sai dai gurabe kaɗan ne, masu nema dubbai. Wasu kuwa tantance ka kawai suke yi su ara maka sunansu, bashin banki yana wuyanka. Duba takardar da kyau: an rubuta cewa za a ɗauke ka aiki, ko cewa za a duba yiwuwar ɗaukarka? Shekara nawa aka ɗaure ka, nawa za ka mayar idan ka tafi, wa zai ɗauki asara idan ka faɗi gwaji a tsakiya? Lasisin MPL na mataimakin kyaftin, da wasu shirye-shiryen kadet ke bayarwa, wanda hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fito da shi a 2006, awa 240 ne, mafi yawa a na'urar kwaikwayon jirgi, kuma an gina shi a kan tsarin kamfani ɗaya. Da korona ta tsayar da jirage a 2020, ɗalibai da dama sun maƙale da horon da ba shi da sauƙin kaiwa wani wuri, ga bashi yana ƙaruwa. Abin yana da ciwo, domin ba su yi laifin komai ba.

Ribar tana nan, amma tana jinkiri. Horon nau'in jirgi, Boeing 737 ko Airbus A320, kuɗi ne daban, sau da yawa daga aljihunka. Cikakken lasisin ATPL, wanda sai da shi ake zama kyaftin, yana buƙatar awa 1,500. A Amurka tun 2013 har mataimakin kyaftin ake nema wa ATPL, shi ya sa matasa ke shafe shekaru suna koyarwa a ƙananan jirage da ɗan albashi. Albashi mai tsoka sai an hau kujerar hagu, ta kyaftin, kuma tuƙin jiragen ƙasa da ƙasa yana ƙarewa a shekara 65.

Ni a ganina, idan kamfani ne zai biya, ka nema da dukkan ƙarfinka. Idan kuɗin gida ne ko na bashi, mataki-mataki ya fi, kuma kafin ka zaɓi makaranta ka tambaye su ɗalibai nawa suka yaye bara, nawa daga cikinsu ke tuƙa jirgin fasinja yanzu.