Maganin ɗiga na bushewar ido: abin da na gani

Wannan sharhi na 'yan'uwana mata ne da al'ada ta ɗauke musu. Magana ce kan maganin ɗigawa a ido da ake kira hawayen roba, irin wanda ke zuwa cikin 'yan ƙananan robobi, a ɓalle kan ɗaya a ɗiga a yar. Likitan ido a nan Kumasi ya rubuta mini shi, bayan idona ya matsa mini da raɗaɗi kamar an watsa yashi, ga ruwa yana zuba ba kuka ba. Abin ya fi tsanani in na tsaya kan murhu ina sayar da tuwo a unguwar Aboabo, ko hunturu ya kankama a Janairu.

Da na ce masa idona ba ya rabo da ruwa, ina bushewa a nan, sai ya ce, "Hajiya, ai busasshen ido ne ke yin haka." Ya yi mini bayani cewa a bakin fatar ido, bayan gashin, akwai 'yan kafofi masu fitar da maiƙo. Maiƙon ne ke rufe hawaye ya hana shi saurin ƙafewa. Tsakanin shekara 45 zuwa 55, lokacin da al'ada ke tsayawa, sinadaran jiki da ake kira homon na raguwa, maiƙon ya yi kaɗan ko ya daskare ya toshe kafofin. Ido in ya ji zafi sai ya kwararo ruwa zalla, wanda ba ya zama.

Maganin yana aiki, gaskiya. Da ɗigo ɗaya raɗaɗin ke lafawa, kuma ba ya yaji, domin babu sinadarin hana lalacewa a ciki. Wannan sinadari, wanda ake sawa a yawancin manyan kwalabe, shi ke ƙara ɓata ido ga mai ɗigawa fiye da sau huɗu a rana. Sai dai sauƙin ba ya daɗewa, kafin azahar na sake nema. Yana da tsada a kan kuɗin mai ƙaramar sana'a, robar kuma tana da tauri ga yatsun da suka fara ciwo.

Abin da ya canza mini lamarin shi ne tsumma mai ɗumi da likitan ya haɗa mini da shi. Bayan isha'i nakan jiƙa tsaftataccen tawul a ruwan ɗumi, in ɗora kan ido a rufe kamar minti 10, in murza fatar a hankali zuwa wajen gashi, in goge. Ɗumin na narkar da maiƙon da ya daskare. Tun da na riƙe wannan, ɗigawata ta ragu sosai, har ina karanta Alƙur'ani da asuba ba tare da haruffa sun dusashe ba. Kwalli ma na daina zizara shi ta cikin ido, don daidai bakin kafofin yake zama.

Abin da ke ɗaga mini hankali shi ne yadda ƙawayena ke shiga kemis su ce a ba su maganin jan ido. Wasu irin waɗannan magunguna akwai wani sinadarin rage kumburi da ake kira sitiroyid a ciki, kuma daɗewa a kansu na iya jawo hawan jinin ido, cutar da ke makantar da mutane da yawa a Ghana ba tare da wani ciwo ba. Don Allah a fara zuwa a auna ido. Akwai sashen ido a asibitin Komfo Anokye da ke nan Kumasi. Wadda kuma bakinta ke bushewa tare da idon ta gaya wa likita, don akwai cutar Sjögren da ke haɗa biyun, kuma mata ta fi kamawa.