Madubin duba fatar zabiya: wanne ya kamata a saya?

Damatoskof ɗan madubi ne mai fitila da ke ƙara girman tabo sau 10, likita ya leƙa abin da ke ƙarƙashin saman fata. Sai dai wanda zai riƙa duba zabaya da shi, zaɓinsa ba irin na kowa ba ne. Yawancin alamun ciwon dajin fata da ake koyarwa sun dogara ga launin melanin, sinadarin da ke ba fata duhu, zabiya kuwa ba shi da shi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Jijiyoyin jini ne ke ba da labari: masu rassa kamar bishiya sukan nuna nau'in ciwon dajin fata da ake kira basal, masu lanƙwasa kewaye da farin ɓawo kuma nau'in da ake kira sikwamos, wanda shi ya fi addabar zabayan Afirka a fuska, wuya da kunnuwa.

A nan madubin da sai an manna shi a jiki yake gazawa. Za a shafa sifirit ko jel, a ɗora gilashi, da an ɗan danna sai jini ya gudu, tabon ya yi fari fat, abin da ake nema ya ɓace. Ga gyambo mai ruwa kuma, ga wahalar goge gilashi tsakanin mai jinya da mai jinya. Mai tace haske, wato folaraiz, ba ya bukatar taɓa fata, jijiyoyin na nan ja-wur yadda suke. Ni dai a ganina, in guda ɗaya za a saya, shi ne.

In aljihu da nauyi, akwai masu haɗa biyun da maɓalli ɗaya, irin su DermLite DL4 na Amurka da Heine Delta 30 na Jamus. Suna da kyau, amma tsada. Masu araha 'yan China sun cika intanet. Wasu na aiki, wasu haskensu ya yi shuɗi, yana dusashe jan da ake son gani. A gwada a bayan hannu kafin a biya.

A duba batir: na caji da USB ya fi, ko da fawa bank na cajin waya sai a cika shi in babu wuta. A tabbatar kuma yana maƙaluwa da waya, domin asibitin ƙauye ya tura hoto ga likitan fata a birni.

Kowanne aka saya, tabon da aka yi shakkarsa sai an yanki ɗan nama an kai ɗakin gwaji.