Jinyar yaro mai ciwon lalacewar tsoka: gida ko asibiti?

Ciwon Duchenne, wani nau'in ciwon lalacewar tsoka wanda galibi yara maza yake kamawa, yakan raba yaro da tafiya wajen shekara 12, daga baya ya raunana numfashi da zuciya. Tunda ba a warkewa, manufar jinya ita ce rage wahala.

A gida yaro yana cikin 'yan'uwansa, kuma kashe kuɗi da sauƙi, amma ɗagawa, wanka da juya shi cikin dare don gudun gyambon kwanciya duk kan uwa sukan faɗa, na'urar taimakon numfashi kuma tana buƙatar wuta mai ɗorewa.

Asibiti yana da likitan zuciya da masu gashin ƙashi, sai dai doguwar kwanciya tana cinye dukiyar iyali. A ganina gida ya fi, muddin ana kai shi asibiti akai-akai a duba zuciyarsa da huhunsa.